ZANCEN AIKI: Kafin Sabon Ma'aikaci Ya Iso

Wani ɗan'uwa ya rubuto mini wasiƙa a watan jiya. Shi ne yake lura da wani gidan burodi, ma'aikata 11 suke ƙarƙashinsa. Ya ce bara ya ɗauki samari biyar, amma kafin wata uku su cika, uku daga cikinsu sun tafi. Ɗaya ya gudu don kansa, ko sallama bai yi ba. Ɗaya an kore shi domin ya ƙone burodi har sau biyu. Na ukun kuwa, injin murza fulawa ya kama hannunsa a mako na biyu, ya rasa yatsu biyu. Yanzu mai gidan burodin ya ce a ɗauki waɗansu shida kafin Kirsimeti, gama ciniki yakan ƙaru a lokacin. Ɗan'uwan nan ya rufe wasiƙarsa da tambaya, ya ce, "Ƙaƙa zan gane yaron kirki tun kafin in ɗauke shi? Yaran zamanin nan ba su da natsuwa."

Ban yi hanzarin amsa tambayarsa ba, sai na aika masa da tawa. Na ce, "Ran da samarin nan biyar suka fara aiki, wa ya tarye su, me kuma aka koya musu?" Ya amsa mini da gaskiya, na kuwa gode masa saboda haka. Ya ce, "Na faɗa musu su bi manya, su ga yadda ake yi."

To, ɗan'uwa, a nan abin ya lalace. Ba na cewa dukan samari nagari ne. Akwai rago, akwai mai taurin kai, kowa ya sani. Amma in mutum uku cikin biyar sun kāsa a wuri ɗaya cikin wata uku, ya kamata a dubi ƙofar da suka shiga kafin a dubi halinsu. Amsar nan kuwa ta shafi mai shagon ɗinki, da shugaban makaranta, da mai lura da ɗakin shan magani, har da uwargida wadda ta ɗauki mai taya ta aikin gida.

"Ka bi manya ka gani" hanya ce da muka gada, ba kuwa banza ba ce. Ɗan maƙeri yakan zauna shekara da shekaru yana zuga, yana kallon hannun ubansa, kafin a miƙa masa guduma. Abin da bai gane ba bana, zai gane baɗi. Ba mai korarsa, gama ɗan gida ne. Amma ma'aikacin albashi ba shi da waɗannan shekaru. Tun makon farko ana so ya fid da aiki kamar na wanda ya daɗe, in ya yi ɓarna a yanke masa kuɗi. Ga shi kuma an tsai da shi gaban inji, inji kuwa bai san baƙo ba.

Waɗansu mutane sun taɓa shiga irin wannan matsala, tasu ma ta fi girma nesa, abin da suka yi kuwa ya isa a koya. A shekara ta 1940 yaƙin duniya na biyu yana ci a Turai, Amurka ta fara shirin ƙera jiragen sama da na ruwa da makamai masu ɗimbin yawa. Gwanayen ma'aikata suna ta tafiya soja. Waɗanda suka zo a madadinsu manoma ne, da matan aure, da samari waɗanda ba su taɓa shiga masana'anta ba. Sai gwamnati ta kafa wani sashi mai suna Training Within Industry, wato horo a cikin wurin aiki. Ta sa Channing Dooley da Walter Dietz su shugabance shi, dukansu biyu sun daɗe suna lura da sha'anin ma'aikata a manyan kamfanoni.

Ɗaya daga cikin matsalolin farko da suka tarar ita ce ta masu wasa gilashin da ake sa wa madubin hangen nesa da na saitin bindiga. Ana bukatar mutum 350, aka nema aka rasa. Gwanayen sana'ar suka ce sai mutum ya yi shekara biyar yana koyo kafin ya iya. Yaƙi kuwa ba zai jira shekara biyar ba. Sai aka zauna kusa da gwanayen, aka lura da hannuwansu, aka rubuta abin da suke yi ɗaya bayan ɗaya. Aka tarar yawancin aikin mai sauƙi ne. Wurare kaɗan ne suke da wuya, su ne kuwa gwanin yake yi ba tare da ya san yana yinsu ba, saboda haka bai taɓa faɗa wa kowa ba. Da aka rarraba aikin, aka fito da waɗannan wurare a fili, sai koyon shekara biyar ya koma na 'yan watanni.

Daga nan suka tsara hanyar koyar da aiki, suka ɗora ta a kan wadda wani malamin sana'a mai suna Charles Allen ya yi amfani da ita wajen horar da masu ƙera jiragen ruwa a 1917. Abin lura shi ne, ba sababbin ma'aikata suka tara ba. Shugabannin aiki suka tara, wato masu karɓar sababbin. Mutum goma goma, awa biyu kowace rana har kwana biyar, awa 10 ke nan. Kafin a rufe sashin a 1945, shugabannin aiki fiye da miliyan ɗaya sun sami wannan horo. Bayan yaƙi aka kai hanyar Japan, kamfanin motoci na Toyota ya karɓe ta a farkon shekarun 1950, ta zama gindin yadda yake koyar da ma'aikatansa.

Ina son yadda suke buɗe darasin farko, gama ya yi daidai da zancenmu. Malamin yakan zo da guntuwar wayar lantarki. Akwai wani ƙulli da masu aikin wuta suke yi wa waya a cikin fitila, domin in an ja wayar kada ta tsinke daga mahaɗinta. Malamin zai ɓoye hannuwansa, ya bayyana wa wani yadda ake ƙullin da baki, dalla-dalla, ba kuskure ko ɗaya. Sa'an nan ya miƙa masa waya. Ba zai iya ba. Sai malamin ya kira wani, ya tsaya gabansa, ya ƙulla a kan idonsa ba tare da magana ba, ya miƙa masa. Shi ma yakan kāsa, ko kuwa ya yi shi a juye, gama yana fuskantar malamin, dama ta zama masa hagu. Mu Hausawa mukan ce gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma ga shi ganin ma bai isa ba. Sai a karo na uku malamin ya tsai da mutum a gefensa, ya nuna yana faɗa, gaɓa gaɓa, ya sa shi ya yi, ya sa shi ya faɗi abin da yake yi. Cikin 'yan mintoci ya iya. A kan ɗan katin da ake ba kowane shugaban aiki ya sa a aljihu, an rubuta magana mai nauyi, ma'anarta ita ce in ma'aikaci bai koya ba, to, mai koyarwa ne bai koyar ba.

Yanzu bari mu koma gidan burodi. Aikin da ya fi yawa, ɗan'uwa, kafin samarin su iso za ka yi shi.

Ka sami takarda, ka ja layi. A gefe ka jera sunayen ma'aikatanka, tsofaffi da sababbi. A bisa ka jera ayyukan gidan: awon fulawa da sukari da yis, kwaɓi, murzawa a inji, yanka da aunawa, shafa wa gwangwani mai, hura tanderu, sa burodi da fid da shi, ɗaurewa a leda, lissafin abin da aka ba masu talla. Ka sa alama gaban wanda ya iya kowane aiki. Mai yiwuwa ne za ka yi mamaki. Sau da yawa akan tarar aiki mafi muhimmanci mutum ɗaya tak ya iya shi, ran da ya kwanta ciwo kuwa gida ya tsaya. Sa'an nan ka rubuta gaban kowane sabo aikin da zai fara koya, da ranar da kake so ya iya shi, da sunan wanda zai koya masa. Kada sabo ya fara da inji ko tanderu. Ya fara da gwangwani da leda, ya saba da wurin, ya san zirga-zirgar mutane tukuna.

Bayan wannan sai rarraba aiki, a nan ne nake so ka daɗe. Ka ɗauki aiki ɗaya, ka tsaya kusa da wanda ya fi iya shi, ka rubuta gaɓoɓinsa. Kada su yi yawa, biyar ko shida sun isa a koya wa mutum a zama ɗaya. Gaban kowace gaɓa ka rubuta abin lura. Mutanen Dooley sun ce abin lura iri uku ne: abin da zai gyara aikin ko ya ɓata shi, abin da zai yi wa ma'aikaci rauni, da 'yar dabarar da take sauƙaƙa aikin. Gaban kowane abin lura kuma ka rubuta dalilinsa, gama dokar da mutum bai san dalilinta ba, ita yake fara yarwa ran da aiki ya matse.

Ɗauki injin murza fulawa, wanda ya cinye yatsun yaron nan. Gwanin da ya shekara bakwai a kansa yana tura curin fulawa, hannunsa yana janyewa da kansa tun da nisa, ko tunani ba ya yi. In ka tambaye shi yadda ake yi, zai ce, "Ai turawa kawai ake yi." Sabon yaro yana kallo, abin da ya gani shi ne hannu yana zuwa kusa da ƙarfe da sauri. Bai ga inda hannun yake tsayawa ba. Saboda haka sai a rubuta: ga iyakar inda hannu yake kaiwa, a shata wurin da fenti in ya yiwu. In fulawa ta maƙale, ba a bin ta da yatsa, sai a kashe inji. Ba a goge ƙarfen yana juyawa. Ba a zuwa wurin da riga mai faɗin hannu. Kafin a nuna wa mutum yadda ake kunna inji, a nuna masa yadda ake kashe shi, ya kashe da hannunsa sau uku. Akwai kuma wani abin lura wanda ya fi shafarmu a ƙasar nan: in an ɗauke wuta inji ya tsaya, abu na fari shi ne a kashe makunninsa. In ba haka ba, yaro zai ga inji shiru, ya sa hannu yana ciro fulawa, a kawo wuta. Tsofaffin ma'aikata duka sun san wannan. Ka tambayi kanka ko akwai wanda ya taɓa faɗa wa sabo da baki.

Wannan ma ba alheri ba ne kawai da za ka yi in ka ga dama. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta hana a sa mutum aiki a kan injin da zai iya yi masa rauni, sai an bayyana masa haɗarin da yadda zai kiyaye kansa, an kuma horar da shi sosai, ko kuwa yana ƙarƙashin idon wanda ya san injin. Ka karanta wa mai gidan burodin wannan in ya ce ba lokaci. Ka kuma roƙe shi a sa wa injin kariya a bakinsa, gama horo ba ya maye gurbin murfi.

Sai zaɓen mai koyarwa. Wanda ya fi kowa sauri ba lalle ne ya fi kowa iya koyarwa ba, sau da yawa ma shi ne marar haƙuri. Ka nemi mai sanyin rai, wanda ba ya jin nauyin maimaita magana. Ka sani kuma akwai tsohon ma'aikacin da yakan ɓoye dabara da gangan, yana tsoron in yaro ya iya za a sallame shi a riƙe mai araha. Tsoron nan ba na wauta ba ne, an sha yin haka. Ka kira shi gefe, ka tabbatar masa da matsayinsa, ka rage masa aikin ranar da yake koyarwa, in da hali a ƙara masa ɗan wani abu. Mutumin da aka ce ya fid da buhu goma kamar kullum, ya kuma koya wa yara biyu, buhunan zai kula da su.

Ran da suka iso, kai da kanka za ka tarye su, kada ka aika a ce su jira. Na tuna ranar da na fara aikin akawu a wani ofis ina saurayi. Aka nuna mini benci, na zauna tun daga ƙarfe takwas har azahar ba wanda ya ce mini kome. Fitsari ya matse ni, ina jin kunyar tambaya. Masinja ne ya ji tausayina, ya zaga da ni, ya nuna mini bayan gida da inda ake sayen abinci, ya raɗa mini wanda ake gaisarwa da fari. Shekaru da yawa sun wuce, na manta sunan manajan, amma ban manta da masinjan nan ba. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Abubuwan da suke damunsa a ranar farko ƙanana ne a wurinka: ina zan ajiye rigata, ina ruwan sha, yaushe ake hutawa, yaushe ake tashi, wa zan faɗa wa in ɗana ya kwana da zazzaɓi. Ka amsa su tun bai tambaya ba. Ka gabatar da shi ga kowa da sunansa, domin kada ya zama "kai yaro" har wata shida. Ka kuma ja kunnen manya, sabo ba ɗan aiken sayen goro ba ne.

Zancen kuɗi kuwa a yi shi a ranar, a fili. Nawa ne albashi, wace rana ake biya, me ake yankewa, wata nawa ne na gwaji. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce a ba ma'aikaci sharuɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su wuce: irin aikin, da lada, da lokutan aiki, da hutu, da yawan kwanakin sanarwa kafin rabuwa. Ban ga dalilin jiran wata uku ba. Takarda ɗaya ce, a ba shi a makon farko, a karanta masa in bai iya karatu ba. Ina zaton wanda ya gudu ba sallama, da an bincika, za a tarar abin da ya ji a bakin wanda ya kawo shi dabam ne da abin da ya gani a hannunsa a ƙarshen wata.

Wajen koyarwar kanta, ka bi yadda malamin ƙullin waya ya yi. Ka kwantar wa yaron da hankali, ka tambaye shi abin da ya riga ya sani, gama wanda ya taɓa taya uwarsa suyar ƙosai ya san zafin wuta. Ka tsai da shi a gefenka, yana ganin aikin ta inda kake ganinsa. Ka yi aikin kana faɗin gaɓoɓinsa. Ka sāke yi kana faɗin abin lura. Ka sāke yi kana ba da dalilai. Sa'an nan ka ba shi ya yi, ka gyara kuskure nan take tun bai zauna masa a hannu ba.

Ga wurin da yawancinmu muke faɗuwa. Mukan gama bayani mu ce, "Ka gane?" Yaron da aka yi wa tarbiyya a gida ba zai dubi babba ya ce bai gane ba. Zai sunkuyar da kai ya ce, "Na gane, Baba." Ladabi ne yake yi, yana kuma tsoron kada a ce ba shi da kai, a ba wani gurbinsa. Muna cewa matambayi ba ya ɓata, amma mun hori 'ya'yanmu kada su cika tambayar manya. Saboda haka ka daina wannan tambaya ɗungum. Ka ce, "Yi in gani." In ya yi, ka ce, "Sāke yi, kana faɗa mini abin da kake yi." In ya sāke, ka ce, "Don me ake kashe makunni in an ɗauke wuta?" Sa'ad da ya ba ka dalili da bakinsa, hannunsa kuma ya yi daidai sau da yawa a jere, a sa'an nan ne ka san ya iya.

Bayan haka kada ka sake shi gaba ɗaya. Ka faɗa masa sunan mutum ɗaya wanda zai je wurinsa in ya rikice, domin kada ya tambayi mutum huɗu ya sami amsa huɗu. Ka leƙa shi sau da yawa a ranar farko, ka rage a hankali. Ran Asabar ka zauna da su shidan minti goma sha biyar, ka tambaye su abin da ya ba su wuya. In mutum uku sun yi kuskure iri ɗaya, ka koma ga takardarka, akwai abin lura da ka tsallake.

Na san abin da mai gidan burodin zai ce: Kirsimeti ta matso, ba lokacin makaranta. Ka yi masa lissafi. Ka haɗa kuɗin buhunan fulawar da aka ƙone bara, da kuɗin asibitin yaron nan, da kwanakin da aka yi ana neman waɗanda za su maye gurbin ukun da suka tafi. Ka ajiye wannan kusa da awa ɗaya a rana har mako biyu. Ka kuma roƙe shi a ɗauki samarin tun farkon Nuwamba, kada a bari sai tsakiyar Disamba sa'ad da ba mai iya ɗaga kai. In ya yiwu su zo uku uku, mako ɗaya tsakani, gama mai koyarwa ɗaya ba zai iya sa ido a kan hannuwa goma sha biyu ba. Manyan ma'aikatu sukan nemi taimakon Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, wanda aka kafa a 1971, hedkwatarsa tana Jos. Kai kuwa abin da kake bukata yanzu bai wuce littafin rubutu ɗaya da yamma biyu ko uku ba.

Abu ɗaya ya rage wanda ba ka tambaye ni ba. Yaron da ya rasa yatsunsa, ba ka faɗa mini inda yake ba. Ka neme shi. Akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010 wadda ta shafi wanda ya ji rauni a bakin aiki, ka bincika ko an ba shi hakkinsa. In yana so ya komo, akwai aikin lissafi da na ɗaure burodi. Ka kuma roƙe shi ya zauna tare da kai sa'ad da kake rubuta abin lura na injin nan, gama ya san daidai inda hannunsa yake sa'ad da abin ya faru. Ka rubuto mini a watan Fabrairu, ka faɗa mini mutum nawa cikin shidan suke nan.